Ƙurar da ta ƙi bin ma'auni: lamarin tauraron da ya fashe a M82

Wannan bayani ne a kan lungu guda na sararin samaniya, da wahalar da ya ba masu binciken taurari na tsawon shekara biyar. Lungun siriri ne ƙwarai: hanyar da haske ya biyo daga wani tauraro da ya tarwatse a cikin galaksin M82 (galaksi tarin biliyoyin taurari ne) har ya iso doron ƙasa. A wani wuri a kan wannan hanya akwai ƙura, kuma ta ci wani kaso na hasken. Tambayoyi uku aka yi ta fama da su: nawa ta ci, a ina take, kuma wace irin ƙura ce.

Shimfiɗa: abin da aka sani kafin 2014

Tsakanin taurari ba fanko ba ne. Tun 1930 Robert Trumpler ya nuna cewa gungun taurari masu nisa suna dusashewa fiye da yadda nisansu kaɗai zai jawo, ma'ana akwai abin da ke tare haske a hanya. Abin kuwa ƙura ce, sai dai ba irin wadda ake sharewa a tsakar gida ba. Ƙwayoyinta dangin yashi ne da dangin gawayi, kuma mafi yawansu ba su kai rabin maikiron ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali silin gashin kai yakan kai maikiron 70 a kauri. Sun fi kama da hayaƙi.

Ɓarna biyu ƙura ke yi wa hasken tauraro a lokaci guda. Tana rage shi, tana kuma rina shi ja, domin ta fi cin shuɗin haske mai gajeren zango a kan jan haske mai dogon zango (zango shi ne tsawon kaɗawa ɗaya ta hasken). Yadda ɓarnar biyu ke tafiya tare ya danganta da girman ƙwayoyin, kuma duk wanda ya yi hunturu a Kano ko Damagaram ya ga misalin wannan da idonsa. Ƙurar hunturu manyan ƙwayoyi gare ta, tana rage kowane launi kusan daidai, shi ya sa rana kan rataya a sama fara sol, ba ƙarfi. Hayaƙin ƙunar daji kuwa ƙwayoyinsa ƙanana ne, yana wawure shuɗi ya bar ja, sai rana ta koma kamar garwashi. Masana sun dunƙule wannan bambanci a lamba guda da suke rubutawa R_V: yawan hasken da aka rasa, a raba shi da yawan jan da hasken ya yi. Manyan ƙwayoyi na ba da babbar lamba, ƙanana na ba da ƙarama. A galaksinmu matsakaicinta 3.1 ne, kuma da wuya ta sauka ƙasa da 2. Amfaninta shi ne, launi ana iya auna shi kai tsaye, amma hasken da ya ɓace a hanya ba mai iya auna shi, sai dai a ninka jan da wannan lamba a fito da shi.

Akwai abu na uku. A 1949 John Hall da William Hiltner, kowa a nasa aikin, suka gano cewa hasken da ya ratso ƙura yana isowa a taje. Haske abu ne mai kaɗawa kamar igiya. Wanda ya baro tauraro yana kaɗawa ta kowace fuska, sama da ƙasa, dama da hagu, da duk abin da ke tsakani, kamar gashin da bai ga mataji ba. Idan fuska guda ta rinjayi sauran, shi ne abin da ake kira folaraizeshan, wanda a nan zan kira tajewar haske. Dalilin tajewar shi ne ƙwayoyin ba mulmulallu ba ne, suna da ɗan tsawo kamar ƙwayar shinkafa. Hasken taurari na sa su juyawa kamar katantanwa, maganaɗisun da ya ratsa galaksin kuma yana sa su kwanta a gicciye da layinsa. Sai su zama tamkar asabari: suna cin hasken da ke kaɗawa a tsayinsu fiye da wanda ke kaɗawa a faɗinsu. Wanda ya tsira ya iso gare mu yana nuna inda maganaɗisun ya dosa.

A 1975 Krzysztof Serkowski da abokan aikinsa suka fitar da awon ɗaruruwan taurari, duk a tsari guda. Tajewar tana hawa daga ɓangaren ja, ta kai ƙololuwa a wajen zangon maikiron 0.55, tsakanin kore da rawaya, sannan ta gangara ta ɓangaren shuɗi. Inda ƙololuwar ta faɗa kuma yana bin girman ƙwayoyi: a ninka zangon ƙololuwar da kusan 5.5, sai a sami abin da ya yi kusa da R_V.

Duk wannan a gida aka auna shi, a cikin galaksinmu. Taurarin wasu galaksi sun yi dusashewar da ba za a iya yi musu irin wannan awo ɗaya bayan ɗaya ba, sai in wata fitila mai ƙarfi ta kunnu a bayan ƙurarsu. Sufanoba nau'in Ia ita ce irin wannan fitila. Farin wadan tauraro ne, ragowar tauraro da ya tsufa, yake kama da wutar nukiliya ya tarwatse gaba ɗaya, har haskensa ya kai na rana biliyoyi. Irin waɗannan fashe-fashe suna da ƙarfin haske kusan ɗaya, don haka da su ake auna nisan galaksi, kuma da su aka gano a 1998 cewa faɗaɗar sararin samaniya tana ƙara sauri, binciken da ya jawo lambar yabo ta Nobel a 2011. Wanda ya yi kuskuren lissafin ƙura ya yi kuskuren nisa.

14 zuwa 21 ga Janairu, 2014: fitila ta kunnu

M82 yana da nisan tafiyar haske ta shekara kusan miliyan 11.5, a ɓangaren arewa na sama. Ta gefe muke ganinsa, siriri kamar karan sigari, baƙaƙen layukan ƙura sun yayyanka shi. Maƙwabcinsa M81 ya taɓa gilmawa kusa da shi ya tayar masa da iskar gas, shi ya sa yake haihuwar taurari da saurin da ya ninka na galaksinmu kusan sau goma.

Da yammacin 21 ga Janairu, a wata tashar hangen taurari ta jami'a da ke Mill Hill a arewacin Landan, wani malami yana tare da ɗalibansa huɗu. Gajimare na rufe sama, darasin da aka shirya ba zai yiwu ba, sai ya ce bari ya nuna musu yadda ake aiki da kyamarar wani madubin hangen nesa mai faɗin santimita 35 kafin sama ta gama rufewa. Aka juya madubin zuwa M82. A hoton da ya fito sai ga wani ɗigon haske a jikin galaksin, wanda malamin bai san da shi ba. Suka gwada da tsofaffin hotuna, babu shi. Suka sake ɗauka da wani madubin daban don kada ya zama laifin kyamara ne, yana nan. Aka sa masa suna SN 2014J.

Da aka koma kan hotunan da wasu suka ɗauka a kwanakin baya, aka ga ɗigon yana ciki ba wanda ya lura. Lissafi ya nuna hasken fashewar ya fara isowa ne wajen 14 ga Janairu. Bakan haskensa, wato yadda hasken ya rarrabu launi-launi, ya tabbatar nau'in Ia ne, ɗaya daga cikin mafi kusa da aka gani cikin shekara arba'in. Ya kai ƙololuwar haske a farkon Fabrairu.

Fabrairu 2014: gwaji na farko, ma'aunin gida

Tun daren farko an ga tauraron ya yi ja fiye da kima. Aka yi sa'a akwai abin gwadawa: SN 2011fe, wata sufanoba nau'in Ia da ta fashe a galaksin M101 a Agustan 2011, wadda kusan babu ƙura a gabanta. Aka ɗora hasken wannan a kan na waccan, launi bayan launi, daga zangon maikiron 0.2 har zuwa 2, da madubin Hubble da ke sararin samaniya da wasu na ƙasa. Jan da aka samu ya kai wajen 1.37 a ma'aunin da ake amfani da shi, ja mai yawa ƙwarai. Ƙurar galaksinmu ta wannan fuska kaɗan ce, don haka kusan duka aikin ƙurar M82 ne.

Abin da aka saba yi shi ne a ninka 1.37 da 3.1. Amsar, kusan 4.2 a ma'aunin dusashewar taurari, tana nufin ƙura ta rage hasken kusan sau 50. A nan lissafi ya ƙi fita. Nisan M82 sananne ne ta wasu hanyoyin da ba su shafi wannan tauraro ba. Idan da gaske kashi ɗaya cikin 50 ne kawai ya iso, to ainihin fashewar ta fi 'yan uwanta haske sama da sau takwas, alhali bakanta da yadda haskenta ke hawa da sauka duk na talakar sufanoba Ia ne. Daga baya ma tauraron ɗan Adam INTEGRAL ya kama hasken gama da ke fitowa daga sinadarin kobalt na cikin tarkacen, wanda ƙura ba ta iya tarewa, kuma ya nuna nikel ɗin da fashewar ta ƙera, wanda shi ne ke rikiɗa ya zama kobalt ɗin, ya kai kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin rana, daidai da abin da aka saba gani.

Da aka saki lambar ta nemi wurin zamanta, sai ta tsaya a 1.4. Da wannan, ƙura ta rage hasken kusan sau shida ne kawai, kuma komai ya koma daidai. Amma 1.4 lamba ce da ba a san ta da ƙurar galaksinmu ba. Wanda ya nace a kan 3.1 da ya ɗauko M82 ya ajiye shi a kusan sulusin ainihin nisansa.

Janairu zuwa Maris 2014: awon tajewar haske

Tun kafin tauraron ya kai ƙololuwa, wata tawaga a Japan ta juya masa madubin Kanata mai faɗin mita 1.5 da ke lardin Hiroshima, wata kuma ta yi amfani da madubi mai mita 2.2 na Calar Alto a kudancin Sifaniya. Aikin na haƙuri ne. Ana sa wani faifan ƙarau a hanyar hasken wanda ke murɗa fuskar kaɗawarsa, a bayansa kuma wani ƙarau da ke tsaga hasken gida biyu, kowane gida da tasa fuskar. A kan allon kwamfuta tauraron kan fito ɗigo biyu, ɗaya a saman ɗaya. A ɗauki hoto, a juya faifan digiri 22.5, a sake ɗauka, a juya zuwa 45, sannan 67.5. Abin da ake nema shi ne ɗan fifikon hasken ɗigo ɗaya a kan ɗayan, wanda ido ba ya gani, sai lissafi. Ana juya faifan ne don duk wani son kai na na'urar ya soke kansa.

Sufanoba Ia tana fashewa kusan a mulmule, don haka tajewar da take haifarwa da kanta ƙarama ce, yawanci ba ta wuce kashi 0.3 cikin 100 ba. Abin da ya haura wannan, a hanya aka samo shi.

Sakamakon Japan ya ba da kashi 4.8 cikin 100 a shuɗin haske. Tajewar tana raguwa da sauri idan aka nufi ja. Fuskarta tana wajen digiri 40 a kowane launi. Kuma babu ƙololuwa a 0.55: layin yana ta hawa ta ɓangaren shuɗi har inda na'urar ta daina gani, ƙasa da maikiron 0.4. Tsarin Serkowski bai hau ba. Tawagar ta ƙiyasta cewa ƙwayoyin da ke taje hasken ba su kai maikiron 0.1 ba.

Hanyoyi biyu da ba su dogara da juna ba sun haɗu a nan. Idan aka raba 1.4 da 5.5 ana samun kusan 0.25, wato ƙololuwar ya kamata ta faɗa can cikin hasken da ya wuce shuɗi, wanda iskar duniya ke tarewa. Awon launi da awon tajewa duk sun nuna ƙananan ƙwayoyi.

2014: gwaji na biyu, ko ƙurar a bakin ƙofa take?

Akwai wani bayani da aka riga aka gabatar tun 2005 da 2008, wanda ba ya buƙatar baƙuwar ƙura. Ya ce ƙurar ta yau da kullum ce, sai dai tana kewaye da tauraron kusa-kusa, wataƙila shi ko abokin zamansa ne ya fesar da ita kafin fashewa. A irin wannan hali haske ba wucewa kawai yake yi ba, yana karo da ƙwayoyi yana sauya hanya. Jan haske da ya kauce yakan dawo kan hanyarmu bayan karo ɗaya ko biyu, shuɗi kuwa yakan yi ta karo har a shanye shi. Mai kallo daga nesa zai ga ja mai yawa da dusashewa kaɗan, wato ƙaramar R_V. Warwatsuwar haske daga ƙananan ƙwayoyi kuma ita ma tana ba da tajewa mai hawa ta ɓangaren shuɗi, irin wadda ake samu a shuɗin sararin sama da rana. Saboda haka siffar layin tajewa ita kaɗai ba ta raba gardama ba. Wata tawaga ma ta nuna cewa za a iya bayyana launukan SN 2014J da kusan rabi daga ƙurar hanya, rabi daga ƙurar bakin ƙofa.

Bayanin yana da jan hankali saboda wani dalili kuma. An daɗe ana muhawara ko farin wada yana fashewa ne bayan ya tsotsi gas daga wani tauraro na kusa, ko kuwa wadanni biyu ne ke haɗewa. Tarin ƙura a bakin ƙofa da ya zama shaida a wannan shari'a.

Sai dai bayanin ya zo da alƙawura da za a iya dubawa. Ƙurar da ke kusa haka za ta sha zafi ta yi ƙyalli a hasken infared, wato hasken da ya wuce ja wanda ido ba ya gani. Hasken da ya yi karo ya dawo zai makara da kwanaki ko makonni, don haka launi da tajewa za su riƙa sauyawa yayin da tauraron ke hawa da sauka. Kuma inda ƙura take akwai gas, tarkacen fashewa in ya buge shi zai fitar da siginar rediyo da hasken eksire.

Aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Madubin Spitzer mai ganin infared ya duba a zangon maikiron 3.6 da 4.5, bai ga ƙyallin ba. Ƙurar da za ta iya ɓuya a kusa ba ta wuce kashi ɗaya cikin 100,000 na nauyin rana ba, kuma wannan bai isa ya yi jan da aka gani ba. Madubin Chandra bai ga eksire ba. Manyan faya-fayan rediyo na Turai da Amurka ba su ji komai ba. Tajewar kuwa, daga kafin ƙololuwa har makonni bayanta, ta zauna inda take, yawanta da fuskarta. Fuskar digiri 40 kuma ta yi kusa da yadda layukan ƙurar wannan yanki na M82 suka shimfiɗu, abin da ake sa ran gani idan maganaɗisun galaksin ne ya jera ƙwayoyin. Gajimaren da tauraro ya fesa wa kansa ba shi da dalilin bin wannan layi.

Satumba 2014 zuwa Maris 2015: amsa-kuwwa

An san inda ƙurar ba ta. Saura inda take. Amsar ta zo ne bayan tauraron ya dusashe.

Hasken fashewa ya fita ta kowace fuska. Wanda ya nufo mu kai tsaye shi ya fara isowa. Wani kuma ya nufi ɗan gefe, ya bugi ƙurar da ke can gaba, ya karkato zuwa gare mu. Hanyarsa ta fi tsawo, don haka ya makara, kamar yadda kuwwa ke dawowa daga jikin dutse bayan mai kira ya yi shiru. A hoto yakan fito kamar zobe kewaye da wurin fashewar, zoben yana faɗaɗa wata bayan wata. Daga faɗin zoben da yawan kwanakin da suka wuce ana iya lissafa tazarar ƙurar daga tauraron, lissafin kusurwa ne kawai.

Hubble ya ɗauki hotuna a kwana 216, 277, 365 da 416 bayan ƙololuwa. Da aka cire hasken galaksin ta amfani da hotunan da aka ɗauka shekaru kafin fashewar, sai amsa-kuwwa biyu suka bayyana. Ɗaya bazazzen haske ne, daga ƙurar da ta shimfiɗu tsakanin tafiyar haske ta shekara kusan 330 zuwa 1,600 a gaban tauraron. Launinsa ya dace da ƙwayoyi masu girman na galaksinmu. Ɗayan siririn baka ne mai haske, kusan rubu'in zobe, daga wani shimfiɗaɗɗen gajimare mai kauri, kuma launinsa ya nuna ƙananan ƙwayoyi. Kaurin wannan gajimare ya yi daidai da dusashewar da aka auna a Fabrairu, don haka masu binciken suka ce mai yiwuwa shi ne ya ci mafi yawan hasken.

Nuwamba 2014 zuwa Afrilu 2017: abin da ya rage a kusa

Kyamarar Hubble tana da matatan tajewa guda uku, a digiri 0, 60 da 120. Da su aka auna tauraron sau shida, daga kwana 277 zuwa kwana 1,181 bayan ƙololuwa. Awo biyar sun zauna a kan abin da aka sani. Na kwana 277 ne ya kauce a fili, sannan a awon da ya biyo baya komai ya koma yadda yake.

Tawagar ta fassara shi da cewa a daidai wannan lokaci hasken ƙololuwa ya isa wani ɗan gajimare mai tazarar kusan rabin shekarar haske daga tauraron, ya karkato zuwa gare mu. Tauraron da kansa ya riga ya dusashe sosai, shi ya sa ɗan wannan haske ya iya sauya awon. Nauyin ƙurar aƙalla kashi ɗaya cikin miliyan na nauyin rana ne. Ashe akwai ƙura a unguwar tauraron, amma ba ta kai ta ɗauki alhakin jan da aka gani ba, kuma ba ta raba gardamar wada ɗaya ko wadanni biyu ba.

2015 zuwa 2019: me ya niƙa ƙwayoyin?

A 2015 aka jera SN 2014J da wasu uku masu ja irin nata: SN 1986G a galaksin Centaurus A, SN 2006X a M100, da SN 2008fp. Duka huɗun suna da R_V ƙasa da 3.1, kuma tajewarsu ta karkata zuwa shuɗi fiye da abin da aka saba. Ashe ba M82 kaɗai ba ne.

Bayanai biyu suka fi ƙarfi. Na farko ya ɗora wa muhalli: a galaksi mai haihuwar taurari da yawa ana yawan fashe-fashe, guguwar kowace fashewa tana gwara ƙwayoyi da juna suna farfashewa. M82 ya dace da wannan, tunda har iska mai zafi yake fesarwa daga tsakiyarsa tana kwasar ƙura zuwa waje. Na biyu, wanda aka gabatar a 2019, ya ɗora wa hasken kansa. Hasken da ke sa ƙwaya ta juya, in ya yi ƙarfi irin na sufanoba, yana iya juya ta da gudun da za ta tsage ta watse, kamar curin laka a kan abin da ke juyawa da sauri. Manyan ƙwayoyi ne ke fara tsagewa. Amma wannan yana aiki ne a kan ƙurar da ke cikin tazarar 'yan shekarun haske daga fashewar, kuma yana ɗaukar kwanaki zuwa makonni, don haka ya kamata a ga launi da tajewa suna sauyawa a farkon lamari.

Hukunci

Tambaya ta farko ta sami amsa: ƙura ta rage hasken kusan sau shida, ba sau 50 ba. Gwajin farko ya faɗi ne saboda an ɗauki matsakaicin ƙurar unguwarmu an mai da shi dokar ko'ina. Abin da ya tona kuskuren shi ne an san nisan M82 ta wata hanya, kuma an auna launuka tun daga bayan shuɗi har infared. Sufanoba masu nisa, waɗanda ake auna faɗaɗar sararin samaniya da su, ba su da wannan gata, kuma wannan ne ya fi damuna a lamarin gaba ɗaya. Na ji daɗin ganin cewa nazarce-nazarcen baya-bayan nan sun fara barin R_V ta bambanta daga galaksi zuwa galaksi maimakon a ɗaure ta a wuri guda.

Tambaya ta biyu ma, a ganina, ta warware: mafi yawan ƙurar tana tsakanin taurarin M82 ne, ɗaruruwan shekarun haske a gaban tauraron. Bayanin bakin ƙofa ba shirme ba ne. Ya dace da launuka, ya dace da siffar layin tajewa, kuma ya faɗi abubuwan da za a iya dubawa, shi ya sa aka iya kayar da shi da hujja. Abin da ya kayar da shi ba yawan tajewar ba ne. Fuskarta ce, da kuma zamanta wuri guda daga dare zuwa dare, tare da shirun infared, rediyo da eksire. Da awon dare ɗaya aka yi, da ba a raba ba. Amsa-kuwwa kuma ta mayar da zato ya zama tazara da za a iya rubutawa da lamba.

A kan tambaya ta uku, ƙwayoyin ƙanana ne, wannan awo uku masu zaman kansu sun yarda da shi. Game da abin da ya niƙa su, a lamarin SN 2014J na fi karkata ga muhalli, domin gajimaren da amsa-kuwwa ta nuna ya yi nisan da hasken fashewar ba zai iya tsaga ƙwayoyinsa ba, kuma tajewar ba ta motsa ba a makonnin da aka auna. Amma muhallin M82 ba ya bayyana SN 2006X, wadda ta fashe a galaksin da ba shi da irin wannan hargitsi, don haka ban yarda a jefar da bayanin juyawa ba.

Inda wannan bincike ya yi rauni shi ne makon farko. Daga 14 zuwa 21 ga Janairu tauraron yana nan yana ƙara haske, yana ma cikin hotunan wasu, amma ba wanda ya sa faifan awon tajewa a gabansa. Awo na farko ya zo ne bayan fiye da kwana bakwai da fara isowar hasken, kuma bayanin juyawa a kan irin waɗannan kwanaki yake magana.